Wa Zai Gaji Sarkin Dajin Kwarin Maɗaci?

To, ku matso kusa, yau sai kun yi gardama kafin ku tashi.

Mutanen Kwarin Maɗaci suna da daji na gari. Ba a sare itace sai tsohon Sarkin Daji ya buga masa hatimi, an kuma dasa biyar a madadinsa. Katakonsu halal ne, da takarda, amma fa da tsada. Na ɓarayi kuwa rabin kuɗi, sai kafintoci suka juya wa mutanen Kwarin baya. Wallahi abin tausayi, mutum ya bi doka ya kwana da yunwa! Dattawa suka ce in damina ta sauka babu ciniki, a sayar wa masu gawayi dajin, kowa ya huta.

Jatau mai tsaga katako ya ƙi sakin ko falanki ɗaya ɗanye. Wata bakwai yana juya su a inuwa har suka bushe ƙayau. Gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya, gari kuma na kiransa mai taurin kai.

Kande mai ƙosai ta sa aka yi mata ƙofa biyu, ɗaya da katakon Jatau, ɗaya da na ɓarayi, ta jingine su a rana tsakiyar kasuwa. Aka yi ta mata dariya. Kasuwa uku, ta ɓarayi ta lanƙwashe kamar busasshen kifi. Ta ce wa shugaban kafintoci, "Alhaji, wacce za ka sa wa ɗakin mahaifiyarka?" Sai ya sa aka yi masa lodin katakon Jatau mota guda.

Amma mota guda ba ta ceton daji, na sata na ta kwarara. Sai ga Tanimu, wanda shi ne gwanin ɓarayin, ya dire injinsa gaban dattawa yana hawaye. Ya nuna duk hanyar da ɓarayin suke bi, aka toshe. Ya rasa sana'a, ƙaninsa ma ya daina gaishe shi.

Damina ta sauka, daji na nan tsaye. Sai dai Sarkin Daji ya makance, dole a naɗa wani. Aka ce taurin kan Jatau ya kusa jawo asara. Aka ce mace ba ta taɓa riƙe wannan sarauta ba. Aka ce babu wanda ya kai Tanimu kashe itatuwa.

To, ku da kuka iya baki, wa za ku damƙa wa dajin nan?