Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

An ce wai a wani gari, ranar da ake rufe gasar matasa masu rubuta manhaja, wata tsohuwa mai suna Iya Tabawa ta kutsa kai cikin zauren taro. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta ratsa kujeru har gaban wani saurayi da ake ta yi wa tafi, ta nuna shi, ta ce, "Kai ne. Kai ka goge ni daga cikin masu rai. Ga ni tsaye ina numfashi, ka rubuta wai babu ni. Yau sai ka faɗa mini a ina ka binne ni."

Saurayin, Nazifi sunansa, ya yi tsuru da abin magana a hannu. Bai taɓa ganinta ba.

Ga yadda abin ya faro. Iya Tabawa mutuniyar Kwarin Gawo ce, ƙauyen da matansa duka maginan tukwane ne, uwa ta koya wa 'ya, 'ya ta koya wa jika. Wata damina ambaliya ta cinye ƙauyen, aka kwashe mutanensa aka zuba su a rumfunan kwano a bayan gari, aka ce na ɗan lokaci ne. Hukuma ta yi jinga ta tare ruwa, ta gina gidaje ɗari uku a tsohon wurin. Sai dai takardar rabo da ta fito daga hannun sakataren kwamiti, Alhaji Isiyaku, sunaye ɗari bakwai ne a cikinta. Sunaye sun fi gidaje, sai aka ce a dakata a tantance. Shekara shida ana tantancewa. Shekara shida Iya Tabawa na fitowa da hantsi ta tsaya bakin rumfa, ta kalli gabas inda ƙauyensu yake, tana jin warin yumɓu a hancinta alhali ko kwatankwacinsa babu a wurin.

Ana nan sai wata ƙungiya ta shirya gasa: matasa su rubuta manhajar da za ta toshe ƙofar cuwa-cuwa, wadda ta ci kuma a yi aiki da ita. Nazifi ya ɗauki maganar Kwarin Gawo. Dabararsa ita ce duk mai suna a takarda ya zo da ƙafarsa ya dangwala babban yatsa a na'ura, yatsa ɗaya suna ɗaya, wanda ya rasu magajinsa ya dangwala a madadinsa, wanda na'ura ba ta kama ba a goge shi. Aka ba shi izinin gwaji. Cikin kwana goma sunaye suka zube daga ɗari bakwai zuwa ɗari biyu da sittin. Gari ya ɗauka, ana ta sa wa yaro albarka.

Iya Tabawa sau uku tana zuwa layi. Ta ɗora yatsa, jar wuta ta kama. Ma'aikaciyar ta ce ta shafa a goshi ya sami maiƙo, ta shafa. Ta ce ta hura masa iska, ta hura. Ta lasa ma. Jar wuta. Shekara hamsin tana murza bakin tukunya da wannan yatsan, yumɓu ya cinye zanensa, ya bar shi sumul kamar bayan ƙwai. Su mata arba'in har da ita, duk tsofaffin magina, aka sa su a sahun sunayen bogi.

Da safiyar ranar rufe gasa mota ta tsaya bakin rumfarta. Alhaji Isiyaku ne, mutumin da shekara shida bai taɓa amsa gaisuwarta ba. Ya ce, "Iya, an zalunce ki. Shigo in kai ki, ki faɗa da bakinki." Ba ta tambayi dalili ba. Da jaki ne ya zo da wannan magana, da ta hau.

Shugaban alƙalan gasar wani tsohon alƙali ne da ya ajiye aiki, Malam Hudu, mutum mai jinkirin magana. Masu gadi suka nufo Iya, ya ɗaga hannu suka koma. Ya sa aka kawo mata kujera. Ta ce ba ta zo zama ba.

Ya ce, "Baiwar Allah, nuna mini yatsan."

Ta miƙa. Ya duba, ya kira Nazifi ya ce shi ma ya duba. Yaron ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

Malam Hudu ya ce, "Kafin ka kai na'urarka rumfuna, a yatsun wa ka gwada ta?"

"Allah gafarta Malam, abokan karatuna. Mutum tamanin. Duk ta kama."

Iya ta ce, "Mutum tamanin masu hannun jarirai! Me suka taɓa murzawa a duniya ban da waya?"

Mutane suka yi dariya. Nazifi bai yi ba. Ya ce, "Iya, wallahi ban sani ba."

"Ai na san ba ka sani ba, ɗan nan. Da ka sani da mugu ne kai. Yanzu kuwa wawa ne kawai, ni kuma da mugu da wawa duk a rumfa ɗaya suka bar ni."

Nan Alhaji Isiyaku ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya gani. Na'urar da ta mai da uwarmu fatalwa ba abar yarda ba ce. In ta yi ƙarya a kan mutum arba'in, me zai hana ta yi a kan ɗari huɗu? Ni na san mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, duk 'yan Kwarin Gawo ne. A soke wannan wasan yara, a koma wa takardarmu."

Kowa a zauren ya ga inda aka tsaya. In Malam Hudu ya ba Nazifi gasa, takardar na'ura ta zauna, Iya da 'yan'uwanta sun rasa gida har abada. In ya hana shi, tsohuwar takarda ta dawo, a sake shekara shida ana tantancewa, kuma tsofaffi ba su da wata shidan a hannu. Iya Tabawa ita ma sai yanzu ta ga abin da motar ta ɗauko ta ta yi. Ta juya ta kalli Alhaji, ya kau da kai.

Malam Hudu ya ce, "Baiwar Allah, ban taɓa zuwa Kwarin Gawo ba. Ki kai ni. Ki ɗauke ni daga ƙofar masallaci har ƙofar gidanki, kada ki tsallake gida ko ɗaya."

Sannan ta zauna a kujerar da ta ƙi ɗazu.

Ta ce, "In ka fito masallaci ka ba wa rana baya, gidan farko na Liman Buhari ne, mai zaure biyu. Matarsa Yalwa ita ke gina randa mafi sanyi a garin, amma bakinta ya fi randar faɗi. Daga nan sai gidan su Ɗangaske mai tsire. Sai rijiyar da Hansai ta faɗa tana amarya aka ciro ta tana dariya. Sai ka karya dama wajen tsamiyar da muke shanya tukwane, in la'asar ta yi inuwarta har gindin katangar Malam Jatau. Sai gidan Jatau ɗin, kurma ne, in za ka gaishe shi sai ka taɓa kafaɗarsa. Sai gidan Ladingo, wadda muke gasa tukwane a rami ɗaya, ranar Laraba nata, ranar Asabar nawa. In hayaƙin ya tashi da yamma, daga gona ake ganewa ko na wace ce a cikinmu. Sai nawa. Ƙofar na kallon gabas. Akwai dutsen da maigidana ke zama yana alwala, Allah ya jiƙansa, kabarinsa na can bayan tsamiya, shekara shida ban je na yi masa addu'a a kansa ba."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ce cikin faɗa, "To na kai ka. Sai me?"

Malam Hudu ya ce, "Kin tsallake gidan maƙeri."

"Wane maƙeri?"

"Maƙerin garinku."

"Malam, kada ka raina mini hankali. Kwarin Gawo ba ta taɓa yin maƙeri ba. Ko fartanya ta karye sai an jira ranar kasuwar Tudun Makama. Mu yumɓu muka gada, ba ƙarfe ba."

Malam Hudu ya juya ga Nazifi ya ce, "Tsohuwar takardar kwamiti na cikin kwamfutarka, kuma kowane suna an rubuta sana'arsa. Duba mana, maƙera nawa ne a ciki?"

Yaron ya daddanna. Lissafin ya fito a babban allo, kowa na gani. Ya ce, "Goma sha ɗaya."

Zauren ya kece da dariya. Wani daga baya ya ce, "Garin da babu maƙera, maƙera goma sha ɗaya!" Malam Hudu ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Alhaji, ka ce ka san su ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki maƙeri guda, wanda ka ga dama. Gidan wa ke gabas da nasa?"

Alhaji ya ce ai shi aikin ofis yake yi, ba zai riƙe kowane lungu a kai ba.

"Gidan wa ke yamma?"

Alhaji ya ce a ba shi lokaci ya duba takarda.

Sai Malam Hudu ya yanke hukunci. Ya ce, "Ba zan ba yaron nan gasa yau ba, domin ya cuci mutum arba'in. Ba kuma zan hana shi ba, domin ya kama ɗari huɗu. Na rataye gasar kwana bakwai. Nazifi, ka nemi shaidar mutum a fatarsa, fata kuwa aiki na cinye ta. Mutumin ƙauye shaidarsa maƙwabcinsa. Ka ɗauki kwamfutarka ka tafi rumfuna, ka zauna a tabarma. Duk wanda na'ura ta ƙi, ya faɗi wanda ke gabas da shi da yamma da kudu da arewa. Ka koya wa manhajarka ta haɗa amsoshin. Wanda ya ambaci maƙwabta, su ma suka ambace shi, ɗan gari ne."

Alhaji ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, ai maƙaryata sai su haɗa baki su ambaci juna."

Malam Hudu ya ce, "Madalla, ka fi ni sanin halinsu. Su ambata. Amma dole zaren ya zo ya ƙulle da wanda yatsansa ya riga ya kama. Masu ambaton junansu kaɗai za su fito a allo su kaɗai, kamar tsibiri a tsakiyar ruwa, sai mu san su da fuskokinsu. Ka kawo su duka ɗari huɗun, Alhaji. Motarka na nan."

Kwana bakwai Nazifi yana rumfuna. Tsofaffi suka yi ta zuwa, kowace ta zo faɗin suna huɗu sai ta faɗi gari guda. Suka yi ta gardama a kan ko katangar wa ta shiga ta wa, suka yi kuka, suka yi dariya. Iya Tabawa ta zauna kusa da shi tana gyara masa. In ya rubuta ba daidai ba ta ce, "Goge, mai hannun jarirai." Rana ta uku ta fara ajiye masa kunu. Daga cikin ɗari huɗun Alhaji, ko mutum ɗaya bai zo ba.

Rana ta bakwai aka haska allo a zaure. Sunaye ɗari uku cif, kowane na riƙe da na kusa da shi. Sunan Tabawa baki tara ne suka ambace shi. Malam Hudu ya miƙa wa Nazifi kyautarsa, ya ce rabinta na matan da suka koya masa aiki ne. Kafin damina ta sauka, babbar mota ta kwashe mutanen Kwarin Gawo ta mai da su gida. Iya Tabawa ta sauka, ba ta ko nemi lambar sabon gidanta ba. Ta miƙe kwari inda suke haƙar yumɓu, ta durƙusa ta cusa hannu biyu a ciki har gwiwar hannu, ta daɗe a haka.

Masu hankali suka ce darasin shi ne, duk wanda zai kori ƙarya daga cikin mutane, sai ya fara zama da masu gaskiya har ya san yadda wahala ta sauya musu kama, in ba haka ba da su zai fara.

Wannan gaskiya ne, amma bai isa ba. Gidaje ɗari uku aka buɗe, ashirin da uku daga ciki magada ne suka karɓi mabuɗi, domin masu su sun mutu a ƙarƙashin kwano suna jiran a gama tantancewa. An wanke su a bayan gari, an binne su a ƙasar da ba tasu ba, kowannensu da sunan ƙauyensa a baki. Yaro ya yi kuskuren kwana goma, ya tsaya gaban jama'a ya amsa, ya gyara. Alhaji Isiyaku kuwa an ce wai an sauya masa wurin aiki. Sauyin wurin aiki! Matan Kwarin Gawo ba su yafe ba, ba kuma za su yi shiru ba. A kira shi. A tsayar da shi a zauren nan da aka tsayar da yaron, a karanta masa sunayen mutum ashirin da ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa wa 'ya'yansu wanda ya sa iyayensu suka mutu ba su ga gida ba.