Kwalin Da Marlene Ba Ta Buɗe Ba

Akwai wata mata a garin Toledo, sunanta Marlene, wadda in Kirsimeti ta gabato kantuna ba sa hutawa da ita. Kyauta kuwa a wurinta, da kwalin take auna ta.

A shekarar da mahaifiyarta ta rasu, ta je cin abincin Kirsimeti gidan babanta, tsoho Vernon. Bayan an ci an sha, ya miƙo mata kyautarsa. Ta yage takardar, sai ga kwalin injin markaɗe.

"Haba Baba, irin wannan har biyu gare ni," ta ce tana dariya. "Bari kawai, zan mayar wa masu kantin."

Tsohon ya tashi ya shiga kwashe kwanukan abinci.

Washegari, ranar da kowa ke tururuwar mayar wa kantuna kyautar da ba ya so, Marlene ta bi layi a kantin da sunansa ke jikin kwalin. Mai karɓar kaya ta buɗe don ta duba, ta ɗago kai.

"'Yar'uwa, wannan ai ba kayanmu ba ne."

Babu inji a ciki. Katunan da mahaifiyarta ta rubuta yadda ake girke-girke ne, da rubutun hannunta, wasu har da tabon man shanu. Tsohon ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa a leda, ya rasa mazubi sai tsohon kwali.

Kunya ta rufe Marlene, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta rungumi kwalin ta tuƙa mota sai gidan babanta. Ta same shi a kicin shi kaɗai yana ɗuma sauran abincin jiya.

"Baba, me ya sa ba ka ce in buɗe ba?"

Ya kalli kwalin, ya kalle ta.

"Na ɗauka kin gane abin da ke ciki, 'yata. Na ce wataƙila zuciyarki ba ta shirya ganin rubutunta ba tukuna, shi ya sa ban matsa miki ba."

Ita ta wulaƙanta kyautar, shi kuma uzuri yake nema mata. Wannan ya fi zagi ciwo, nan ta zauna ta fashe da kuka.

Darasi: Kada yawan saye-saye ya sa mu raina abin da masoyi ya miƙo mana tun ba mu duba cikinsa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu iyaye a raye.