Mai Gyaran Agogo da Igiyar Jirgin 'Yarsa

A wani gari da ke kan tudu, akwai wani mutum mai gyaran agogo, wanda tun yana yaro ba abin da yake so kamar jirgin sama. In ya ji ƙarar jirgi, sai ya ajiye agogon da ke hannunsa, ya fita ƙofar shago, ya yi ta kallo har jirgin ya ɓace. Bai taɓa samun hanyar koyon tuƙi ba. Amma da ya sami kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin ƙananan jirage, sai ya gyara wani lungu na ɗakinsa. Ya sayo kujerar tsohuwar mota a wurin 'yan gwangwan, ya kafa ta a gaban allon kwamfutar. Ya haɗa sandar tuƙi a tsakanin gwiwoyinsa, ya sa matakai biyu na ƙafa. Har fanka ya ajiye a gabansa, domin ya riƙa jin iska a fuska.

Kowace yamma in ya dawo daga shago, sai ya hau kujerar nan ya tashi. Matarsa takan leƙo ta ce, “Baban Afiniki, tuwo na hucewa.”

Shi kuwa yakan ce, “Ina sama, bari in sauka tukuna.”

“Yau sau nawa ka faɗo?”

“Sau biyu kacal.”

“To, mun gode Allah da ƙafafunka ba su bar tabarma ba.”

Sai su yi dariya. Gama in jirginsa ya faɗi, akwai wani maɓalli da yakan danna, sai kome ya koma sabo, kamar ba abin da ya faru.

A cikin jiragen da yake tuƙawa, wanda ya fi ƙauna shi ne jirgi marar inji, mai dogayen fukafukai. Irin wannan jirgi ba ya iya tashi da kansa. Sai wani ƙaramin jirgi mai inji ya ja shi da doguwar igiya zuwa sama, sa'an nan ya sake shi, iska ta ɗauke shi. To, jirgin da ke jan nasa a cikin kwamfutar, hoto ne kawai, ba kowa a ciki. Kome mutumin nan ya yi a bayansa, shi dai tafiyarsa yake yi sambai. Saboda haka mai gyaran agogo ya saba da wani abu. Da zarar sun bar ƙasa, sai ya jawo sanda, ya haye can bisa mai jansa, domin ya ga gonaki da koguna ba abin da ya tare masa. Shekara da shekaru yana haka, har hannunsa ya riƙa yi ba tare da ya yi tunani ba.

Mutumin nan yana da 'ya guda, Afiniki. A kan cinyarsa ta fara riƙe sandar tuƙi, tun ƙafafunta ba sa kaiwa matakai. Da ta girma ta tafi makarantar koyon tuƙin jirgi, ta gama, ta sami aiki a wani filin ƙananan jirage. Aikinta kuwa shi ne jan jirage marasa inji zuwa sama.

Ranar da mahaifinta ya cika shekara sittin da biyar, ta zo gida ta ce, “Baba, ka shirya. Ran Asabar za ka hau na gaskiya, ni kuma zan ja ka.”

Ya tashi tsaye, ya zauna, ya sāke tashi. Ya faɗa wa maƙwabta, ya faɗa wa masu kawo agogo, har wanda ya zo tambayar hanya sai da ya ji labari.

Asabar da safe suka isa filin, shi da matarsa. Ga ciyawa kore shar, ga farin jirgi kwance da fiffike ɗaya a ƙasa. Aka haɗa shi da wani dattijo, Malam Irmiya, mai koyar da tuƙi, wanda zai zauna a kujerar baya da tasa sandar. Malam Irmiya ya yi masa tambayoyi, ya amsa duka daidai, har dattijon ya yi mamaki ya ce, “Lalle ka yi karatu. Zan bar maka sanda tun daga ƙasa, hannuna yana kusa.”

Afiniki ta durƙusa a gefen jirgin, ta ɗaure wa mahaifinta ɗamara. Ta nuna masa wani mariƙi mai ruwan ɗorawa a hagunsa, wanda ake ja a saki igiya. Ta ce, “Baba, abu biyu. Ka tsaya a bayana daidai, kada ka ɗara ni. In kuwa ka daina ganina, ka ja wannan nan take, kada ka tsaya tunani.”

Ya ce, “Ji yarinyar nan. Wa ya koya miki riƙe sanda?”

“Kai ne, Baba. Amma ka maimaita mini.”

“To, Malama, na ji. In ban gan ki ba, in saki.”

Ta yi murmushi, ta tafi ta hau nata jirgin. Igiya ta miƙe, suka fara gudu a kan ciyawa. Jirgi marar inji ba shi da nauyi, saboda haka shi yakan riga barin ƙasa, kuma dole ya yi ƙasa-ƙasa ya jira mai jansa. Amma da mutumin nan ya ji ƙasa ta sake shi, abin da ya yi shekara hamsin yana jira, murna ta cika shi, hannunsa kuwa ya yi abin da ya saba. Ya jawo sanda. Jirgin ya yi sama, ya ga sararin sama fes, ba kome a gabansa.

Ba kome a gabansa. Jirgin Afiniki ya ɓace a ƙarƙashin hancin nasa.

Ku gane abin da ke faruwa. Igiyar a wutsiyar jirgin gaba take ɗaure. In na baya ya haye sama, sai ya ɗaga wutsiyar nan, hancin jirgin gaba ya nufi ƙasa. Su kuwa ko tsayin bishiyar rimi ba su yi ba. Afiniki tana jan tata sandar da dukan ƙarfinta, jirginta ya ƙi ɗagowa.

Zuciyar mutumin ta ce masa, “Dakata kaɗan, yanzu za ka gyara. In ka saki, tafiyar ta ƙare.” Yatsansa ma har ya motsa yana neman maɓallin nan na gida. Babu maɓalli. Sai ya tuna da wadda ta ɗaure masa ɗamara, ya kai hannu ya fizgi mariƙin nan mai ruwan ɗorawa. Igiya ta tafi.

Malam Irmiya ya ce, “Na karɓi sanda!” Ya saukar da hancin jirgin, ya dire su a ƙarshen filin, suka gangara cikin ciyawa suka tsaya. Can gaba suka ga jirgin Afiniki ya ɗago, ya yi sama, ya kewayo.

Dattijon ya sauke numfashi ya ce, “Hannuna yana kan hanya, naka ya riga shi. Da mun ƙara ƙiftawa biyu, da labari ya sha bamban.”

Da Afiniki ta sauka, ta zo da gudu. Mahaifinta yana zaune a ciyawa. Ya ce, “'Yata, ki gafarta mini. Haka nake yi a gida kullum, ba abin da ke samun mai jana.”

Ta ce, “Baba, wancan ba kowa a cikinsa. Wannan ni ce a ciki.”

Ya yi kuka. Ta zauna kusa da shi har ya natsu. Sai ga matarsa ta iso da gorar kunun zaƙi, tana haki. Ta dube shi ta ce, “Shekara hamsin kana jira, tafiyar ke nan? Ai ko kaza ta fi ka daɗewa a sama.”

Dariya ta ƙwace wa kowa, har shi. Ya sha kunu ya ce, “Mu tafi gida. Ban cancanta ba.”

Afiniki ta ce, “Ina! Ka yi kuskure, amma ka saki. Wanda ya iya saki, ina iya jansa. Tashi, Baba.”

Malam Irmiya ya ce wannan karon shi zai ɗaga su daga ƙasa, sai sun yi nisa ya miƙa masa sanda. Haka aka yi. Da aka ba shi sanda, bai dubi gonaki ba, bai dubi koguna ba. Ya kafa ido a kan jirgin 'yarsa. In ta karkata dama, ya karkata. In ta ɗan hau, ya ɗan hau. Igiya ba ta yi sako-sako ba, ba ta kuma fizga ba. Da suka kai inda ya kamata, dattijon ya ce, “Yanzu ka saki.” Ya saki. Afiniki ta juya hagu ta gangara, su kuwa suka juya dama.

Sai shiru, ba ƙarar inji, sai shuuu na iska. Malam Irmiya ya nuna masa shirwa uku suna kewaya, ya ce, “Inda suke, iska mai ɗumi na hawa. Mu je mu gaishe su.” Suka shiga cikinsu, iska ta yi ta ɗaga su. A nan ne ya ga gonakin da kogunan da ya yi gaggawar gani da farko, sun fi na kwamfuta kyau nesa ba kusa ba. Ya yi ta raira waƙar yabo da muryarsa mai gargada, har dattijon ya kama masa amshi. Sa'a guda suka yi kafin su sauka.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Igiyar ita ce zumuncin da Allah ya ɗaure mu da shi, a gida da cikin ikkilisiya. Jirgin gaba shi ne duk wanda Ubangiji ya sa ya ja mu gaba cikin bangaskiya. Wani lokaci fasto ne ko dattijo, wani lokaci kuwa wanda muka goya ne, wanda muke gani yaro, sai girman kai ya ce mana mu haye bisansa.

Kujerar ɗakin kuma ita ce sanin da muka tara mu kaɗai. Yana da amfani, gama da shi mutumin ya amsa tambayoyi duka. Amma a cikin ɗaki ba wanda kuskurenmu yake yi wa rauni, sai mu saba da halin da ba mu san yana kisa ba. Baƙar magana ɗaya a taron mata ko na matasa, nuna wa mutane cewa ka fi mai koyarwa sani, kana ganin kai ne kake hawa, ashe wutsiyar ɗan'uwanka kake ɗagawa. A ƙarshen kowace igiya akwai mutum mai rai, kuma ba maɓallin da zai mayar da shi sabo.

In ka lura ka daina ganin ɗan'uwanka, kanka kaɗai kake gani, ka saki nan take. Ka saki gardamar, ka saki matsayin, ko da abin da ka daɗe kana jira ne. Ubangiji Yesu mai ba da zarafi na biyu ne, yakan ce wa mai tuba, tashi mu sāke. Wanda ya bi da tawali'u, in lokaci ya yi, Ruhu Mai Tsarki zai ɗaga shi inda gaggawa ba za ta kai shi ba.

Mutumin nan har yau yana hawa kujerarsa da yamma, fanka na kaɗa masa. Amma ya manna hoton Afiniki a gefen allon, kuma ko jirgin hoto ne yake jansa, a bayansa yake tsayawa daidai.