Saƙon Maiƙo a Jikin Hansai

Ku matso kusa, muryata ba ta kai wa nesa yanzu.

Wata tsohuwa ce, Hansai, 'ya'ya duk sun watse birni, ita kaɗai ke zuwa gonar da mijinta ya bari. Ran nan da rana tsaka ta zame a kunya ta yi targaɗe. Ta yi kira, "Jama'a, ba kowa ne?" Ko tsuntsu bai amsa ba. Goranta ba ruwa, gida da nisa. In ba ta tashi ba, rana za ta gama da ita.

To, jikin mutum gari ne na ƙwayoyin halitta, kowace da katangarta ta maiƙo, tsakaninsu ruwa. Wata ƙwaya a cikin ƙwaƙwalwar Hansai ta dinga ihun zafi, har tsohuwa ta kasa motsi.

Maƙwabciyar mai ihun ta gutsuri katangar gidanta, ta narka ɗigon maiƙo. Sunansa dogo ne, ya kuɓuce mini; an dai ce dangin abin da ke cikin wiwi ne, amma jiki ke yin nasa. Ta ce masa, "Je ka ce mata, 'Yaya, an ji, ya isa haka.'" Ya sulale ta katanga, don maiƙo ba ya tare maiƙo.

Sai ga ruwa, kun kuwa san mai da ruwa. Ɗigo ya tsaya a gaɓa shi kaɗai. Mai fito ya zo ya ce, "Kai ɗan gata, shigo rigata." Ya ƙunshe shi, ya haye da shi. Mai ihu ta ji saƙo ta sassauta.

Ina na tsaya? Yauwa. Da saƙon ya zauna, da Hansai ta ɓingire cikin maye a ranar nan. Akwai wata mai shara a can bayan katanga, ba mai gaishe ta. Duk ɗigon da ya gama aiki ya ratso, ko ta ƙofa ko ta jikin katanga, malamai na musu har yau, sai ta farfashe shi, ɗakin ya zama fayau, na baya su samu wurin shigowa. Haka ta yi da wannan ɗigon ma.

Hansai ta dogara fartanya ta ɗingisa har gida, ta sha ruwa. Ta duba wanda za ta yi wa godiya, tsakar gida wayam.

To, godiyar nan tata, wa ya fi cancanta da ita: wadda ta gutsuri gidanta, ko mai fito, ko mai shara?