Matar da Ta Yi wa Furanni Ƙaryar Damina

"Fitar min da tukwanen nan daga ɗakin iri!"

"Ba inda za su. Irin naka ba ya son maƙwabta ne?"

"Maman Tabita, laima da iri ba sa zama ɗaki ɗaya. Duk abin da za mu shuka baɗi yana cikin buhunan nan."

"To, fasto, mun ji wa'azi. Saura a zaga da kwanon baiko."

Wani manomi ke nan da matarsa. A garinsu, in Kirsimeti ya gabato, akan ci kasuwar kyautai, inda ake sayar da ƙorai da faifai masu zanen furanni. Matar ta gaji da jin ana yabon furen fenti, ta ce ita mai rai za ta kai. Sai ta je fadama ta tono albasar kwaɗi, wadda ba ta fure sai ruwan fari ya sauka, ta dasa a tukwane ta jera a ɗakin iri. Ga shi kuwa rani ne, ƙasa ta bushe ƙayau.

Amma matar nan ba abin da bakinta ba ya kwaikwayo. Da mijin ya fita, ta rufe ƙofa da taga. Ta hau tsani ta yayyafa ruwa a kan kwanon rufi, tif, tif, tif. Ta shiga ta jiƙa tukwane da daɓe, ta mirgina turmi ya yi rugugi kamar tsawa. Sa'an nan ta tsuguna a tsakiyar tukwanen, ta kumbura kumatu, ta yi kukan kwaɗo. Haka ta yi kwana bakwai.

A rana ta takwas, da tsakar rana, ta yi kukan, sai wani abu ya amsa mata daga ƙarƙashin daɓe. Ta yi shiru. Ya sake amsawa, wani kuma ya karɓa daga gindin bango. Shinge masu fiffike, irin na farkon damina, suka fito daga tsagar ƙasa suna yawo cikin duhu. Da ta buɗe taga kaɗan, ga furanni sun buɗe, farare kamar likkafani, ba ƙamshi ko kaɗan, dukansu sun juyo suna fuskantar bakinta.

Ta yi maza ta rufe tagar. Amma gobe kasuwa.

A kasuwa mutane suka yi mata cincirindo, masu zane suka rasa mai kallonsu. Wata tsohuwa ce kaɗai ta sunkuya ta shinshina, ta ja da baya.

"'Yata, wa ya tashe su?"

"Ni ce, Kaka."

"Su kaɗai suka ji ki?"

Da ta koma gida, ta tarar da mijinta tsaye a ƙofar ɗakin iri. Buhuna sun fashe. Dawa da masara sun tsiro, dogaye, farare fat, kamar yatsu, suna rarrafe zuwa ƙofa suna neman daminar da aka yi musu alkawari. Kafin kwana uku duk suka bushe.

Yara, ga abin da misalin nan yake nufi. Ɗakin iri gidanku ne, irin kuwa amincewar da mutane suka ajiye a wurinku. Wata za ta ce, "Ai malam kawai na yi wa ƙarya." Wani ya matse ido a gaban ikilisiya, "Na tuba, 'yan'uwa," alhali rigar Kirsimeti yake nema a wurin babansa. Kuna tsammani kunne ɗaya kuka ruɗa. Ƙanenku ya ji, mamarku ta ji, zuciyarku ma ta ji ta gaskata. Ubangiji ya ba kowane abu lokacinsa. Wanda ya kwaikwayi muryarsa don ya sami yabo da wuri, ranar da kira na gaskiya ya zo, zai duba ya ga ba abin da ya rage da zai amsa.

Haka ya faru da su. Da ruwan fari ya sauka, maƙwabta suka fita da sungumi suna waƙa. Manomin ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ruwa na zuba a gonar da ba abin sa mata.

"To, Maman Tabita," in ji shi, "me za mu ci bana?"

Ta waiwaya ta dubi rumbu. Sa'an nan ta gyara murya.

"Baban Tabita, kaka, lokacin girbi, yaya kukanta yake? In gwada wa rumbu."