Mataccen da Ya Je Neman Hatimi

Shekara tara Jatau ya yi a Kurmi. Da ya dawo sai ya tarar har an yi masa sadakar arba'in, baffansa ya shuka gero a gonarsa. Da ya kai ƙara, alƙali ya ce sai ya kawo takarda mai hatimi cewa yana da rai. Mai hatimin kuwa, Malam Zubairu, surukin baffan ne.

"A takarda ka mutu," in ji Malam Zubairu. "Ni ba na buga wa gawa hatimi."

Jatau ya sosa ƙeya. "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. To rubuta mini cewa na zo ka kore ni, kada alƙali ya ce ƙarya nake."

Malam ya rubuta yana murmushi: "Yau Jatau ya zo gabana, na kore shi."

"Kai, Malam! Wa zai yarda hannunka ne? Ai ko mai shayi ya rubuta wannan."

Malam ya fusata, ya ɗauko hatimi ya buga, tim!

Jatau ya ninke takarda ya jefa aljihu. "Allah ya saka. Bari in tambayi alƙali ko gawa tana zuwa a kore ta."