Fuskar Surayya a Faifan Barau

Akwai wani matashi a Gaya mai suna Barau. A shekarun da ake kallon fim a faifai, yana da shago a bakin kasuwa, da kwamfuta ɗaya da talabijin. Aikinsa ɗora wa mutane finafinai a faifai.

Faifan da aka yi don fim ɗaya, Barau sai ya matse goma ya cusa a ciki. Hoton ya dusashe, murya ta shaƙe, shi bai damu ba. Wannan ne abin taƙamarsa. In wani ya yi ƙorafi sai ya ce, "Je ka Kano ka gani ko akwai mai hannuna."

Kuma yana da wata ɗabi'a. Da ya gama matsewa sai ya goge na asalin daga kwamfuta, wai yana cin wuri. Tsofaffin faifai kuwa buhu yake zuba su. Manoma na zuwa su ɗiba, su rataye a gona don ƙyallinsu ya kori tsuntsaye.

Wata rana da kaka, gero ya fara nuna, wani dattijo mai sayar da gyaɗa a Ajingi, Babagana, ya shigo shagon. Ya kwance wani ƙyalle a hankali, ya fito da faifai duk ya kakkarce, an rubuta suna a kansa da jan biro.

Ya ce, "Ɗana, bidiyon sunan jikata ne, Fiddausi. Uwarta Surayya 'yata ce. Ta rasu yarinyar ba ta yi wayo ba. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba, sai wannan. Ya fara maƙalewa, ina so ka juye mini a sabo. Yarinyar ta girma, kullum tambayata take yaya fuskar uwarta."

Barau bai ɗago kai ba. "Ƙaramin aiki ne, Baba. Har gyara zan yi maka, in zuba maka finafinai a kai."

"A'a. Shi kaɗai nake so. Kuma ka ajiye mini tsohon."

Barau ya yi dariya, masu zaman benci suka taya shi. "Baba, gyaɗa ma in ka auna kana yin gyara. Ni ka hana ni? Rabin faifan zai zauna wayam."

"Bar shi wayam ɗin," in ji dattijon. Ya tsaya yana kallonsa har dariyar ta mutu, sannan ya fita.

Da Barau ya zauna aikin, bidiyon ya shiga kwamfuta lafiya lau. Ya ga mata sun cika tsakar gida, ga mai jego can baya a jikin bango, riƙe da jaririya, tana murmushi. Fuskarta ƙarama ce a hoton, amma a fili take.

Ya dubi wurin da ya rage a faifan, abin ya tsaya masa a rai. Wai shi Barau ya fitar da faifai da abu ɗaya a ciki? Ya jawo finafinai goma sha ɗaya, ya haɗa da bidiyon sunan, ya matse su gaba ɗaya. Bai ma kunna ya duba ba. Ya goge na asalin kamar yadda ya saba, ya wurga tsohon faifan a buhu. Washegari wani manomi daga Gafasa, Anas, ya kwashe buhun.

Bayan mako biyu Babagana ya dawo riƙe da hannun Fiddausi. An yi mata kitso, an sa mata kayan sallarta. Tun daga mota take tambaya, "Kaka, da gaske yau zan gan ta?"

Barau ya ta da injin wuta, ya sa faifan, ya kira 'yan benci. "Ku zo ku ga aiki."

Bidiyon ya fara. Ana jin guɗa kamar daga cikin rijiya. Matan gaba ana ɗan gane su. Babagana ya matsa kusa, ya ɗora yatsa a kan gilashin, wajen bango.

Inda fuskar Surayya take, babu fuska. Wasu 'yan dabbare-dabbare ne masu launin ƙasa, suna rawa suna narkewa. Ba ido, ba baki.

"Kaka, ina take?"

Dattijon ya ƙura wa wajen ido.

Bidiyon ya ƙare, faifan ya tsallaka fim na gaba da kansa. Fuskar wata 'yar fim ta cika talabijin, babba, tana murmushi. Irin wannan babbar fuskar matsi ba ya cinye ta.

Fiddausi ta yi tsalle. "Ga ta! Ga Ummata! Kaka, ashe kyakkyawa ce!"

Babagana ya juyo. "Ɗana, ba ni tsohon."

Barau ya duba kwamfuta, alhali ya san babu. Ya duba inda buhu yake, babu. Ya hau babur bai ko rufe shago ba, ya nufi Gafasa.

Ya sami gonar Anas rana tsaka. An ja igiyoyi a saman gero, faifai rataye birjik, suna juyawa suna kashe ido, suna bugun juna ƙas, ƙas. Anas ya ce, "Wanne daga ciki? Duk na huda su na zura igiya." Barau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Rana ta gasa su, bayansu ya ɓare. Ya sami wanda aka rubuta wa suna da jan biro. Faifan ya lanƙwashe, ga huda a gefe, haske na ratsa shi.

Da ya dawo, dattijon na nan zaune. Ya karɓi faifan, ya naɗe a ƙyallensa. Bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Ya ce kawai, "Kai za ka gaya mata ba uwarta ba ce. Ni ba zan iya ba."

Barau ya durƙusa gaban yarinyar, ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ita kuwa ta riƙe sabon faifan a ƙirji, ta ce, "Na gode, Kawu."

Daga ranar babu wanda ya ƙara kawo masa bidiyon biki ko na suna. Benci ya watse. Shagon ya mutu tun kafin waya ta kashe sana'ar. Har yau in kaka ta yi, Barau ba ya bin hanyar da ta ratsa gonar gero.

Darasi: In an ba ka amana, ka yi abin da mai ita ya ce, ba abin da zai sa a yabe ka ba. Gwanintar da ba ta sauraron mutane ɓarna ce, kuma akwai ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ku tura wa 'ya'yanku masu sana'a, su karanta su ji tsoron Allah.